Kafin a Kai Keke Gaban Mai Walda

Lacca ga matasa da masu sana'ar hannu, Badarawa, Kaduna

 

Ranka ya daɗe mai unguwa, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, masu gyaran keke da masu walda da suka rufe rumfa tun kafin lokaci don su halarta, da ku samarin Badarawa da Kwaru da Malali da Unguwar Dosa da aka shirya zaman nan dominku, barkanmu da yamma.

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mutum zai sauya fasalin kekensa na ƙarfe a tsakar gidansa, alhali shi ba maƙeri ba ne, ba kuma injiniya ba. Wani zai ce maganar ba ta kai a tara jama'a ba. Ni a wurina ta kai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kekunan da suka daɗe jingine a zaure aka karkaɗe musu ƙura. Ma'aikacin da kuɗin mota ya fara cin albashinsa ya koma taka feda, ɗalibi ya koma, mai kai burodi shaguna kuwa dama bai taɓa sauka ba. Da zarar keke ya zama abin neman abinci, sai mai shi ya fara son ya yi masa aikin da ba don shi aka ƙera shi ba: a faɗaɗa kariya ta ɗauki jarka huɗu, a ɗaga sirdi saboda yaro ya yi tsawo, a sa giya, wasu ma har inji suke ɗaurawa. Duk wannan ina goyon bayansa. Abin da ba na goyon baya shi ne hanyar da muka saba, wato komai ya taso sai a tura keke bakin titi a ce wa mai walda, "Oga, ɗan ɗiga mini wuta a nan." Maganata a yammacin nan guda ce. Ƙarfen keke yana karɓar gyara mai yawa a sanyinsa, da sifana da noti da zare da katako. Wuta ita ce ya kamata ta zo a ƙarshe, a wurare ƙalilan, a hannun wanda ya san ta.

Ku dubi keken nan da aka jingine a gabanku, ku manta da tayoyi da sirdi, ku kalli firam ɗin kawai. Akwai bututun sama, daga wuya zuwa ƙarƙashin sirdi. Akwai bututun ƙasa, daga wuya ya gangaro gidan feda. Akwai bututun sirdi a tsaye. Su ukun nan sun ba da alwatika babba. A bayansu kuma ga sirararan ƙafafu huɗu da suka haɗu a aksul ɗin tayar baya, sun ba da wata alwatikar a kowane gefe. Asalin keken zamani daga garin Coventry na Ingila yake, inda John Kemp Starley ya fitar da kekensa Rover a 1885, cikin 'yan shekaru kuma masu ƙira suka tsaya a kan wannan siffa. An haura shekara 130 ba a sami wadda ta ture ta ba, kuma dalilin a fili yake: idan ka haɗa sanduna huɗu ka danna, za su karkace, idan uku ne, ba za su motsa ba sai ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye. Ƙarfin keke a siffarsa yake fiye da a kaurin ƙarfensa. Saboda haka duk wanda ya yanke bututun sama don a ji daɗin hawa da doguwar riga, ya sani ya cire ɗaya daga cikin ukun da ke riƙe da shi. Keken da aka ƙera ba shi da bututun sama tun asali, an ƙara masa wani bututun a ƙasa ko an yi na ƙasan da kauri don ya maye gurbi.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun san zamanin da manomi idan ya sayar da gyaɗa ko auduga, babban burinsa baƙin Raleigh na Nottingham mai taya inci 28 da birkin rodi. Daga baya har a Kano aka riƙa harhaɗa shi. Sai Phoenix ya shigo daga Shanghai, Hero daga Indiya. Yau kuma kasuwa ta cika da na gwanjo masu giya da ake saukewa daga Turai da Amurka da Japan. Waɗannan duka sunansu keke, amma ba ƙarfe ɗaya ba ne, kuma a nan ake fara tafka asara.

Abu na farko da za ka nema maganaɗisu ne, ko da na tsohuwar sifika. Ka manna shi a firam. Idan bai kama ba, alminiyam ne ko wani abu dabam, ka ajiye zarto da guduma. Alminiyam ba ya jure a tanƙwara shi a mayar, kuma idan aka yi masa walda yakan rasa ƙarfinsa a wurin sai an sake gasa firam ɗin a tanda ta musamman, wadda ba ta tsakar gida ba ce. Idan maganaɗisu ya kama, to ƙarfe ne, amma shi ma iri biyu ne. Akwai na gama-gari mai kauri da nauyi, irin na Phoenix da tsofaffin kekunan dako, bangon bututunsa ya kai milimita 1 ko ya ɗan haura. Akwai kuma mai tsada da aka gauraya da wasu sinadarai, wanda za ka ga takarda a jikinsa an rubuta Cr-Mo ko 4130 ko Reynolds 531. Kamfanin Reynolds na Birmingham ne ya yi rajistar wata dabara a 1897, ta yin bututu mai kauri a bakunansa biyu, siriri a tsakiya, ya kuma fitar da samfurin 531 a 1935. A irin wannan bututu baki yakan zama milimita 0.9, tsakiya 0.6, wato tsakiyar ba ta kai kaurin katin ATM da ke aljihunka ba. Idan takardar ta goge, ka zare sandar sirdi ka duba lambar da ke jikinta. In ka ga 25.4, mai kauri ne. In ka ga 27.2, ka san siriri ne, ka yi taka-tsantsan. Yanzu ku kwatanta abin da rodin waldar lantarki na milimita 2.5 zai yi wa wannan bango, ga wutar janareta tana hawa tana sauka. Kafin a ƙifta ido ya huda. Mai walda sai ya cike ramin, cikon ya sake hudawa a gefe, a ƙarshe a miƙo maka keke da ƙulli kamar mai ƙarfi, a ƙarƙashinsa kuwa ƙonannen ƙarfe ne.

Abu na biyu, ka dubi mahaɗar bututan. A tsofaffin kekuna za ka ga an cusa kowane bututu cikin wata gwiwar ƙarfe mai baki a bayyane. Ba walda ce ke riƙe da su ba. Tagulla aka narka ta kwarara tsakanin bututu da gwiwa ta daskare. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, ƙarfe kuwa sai ya doshi 1,500, don haka ana haɗa su ba tare da bututun ya narke ba. Wannan ita ce hikimar. To idan irin wannan mahaɗa ta saki, aka kai wa mai waldar lantarki, wutarsa za ta narka ƙarfe da tagulla su cakuɗe, abin da zai daskare kuwa mai ƙuraje ne, mai saurin tsagewa. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa sau uku yana kai wuri ɗaya ana yi masa walda yana sake ɓallewa. Ba hannun mai waldar ne ya lalace ba, aikin ne ba na irin wutarsa ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka wanke firam ɗin tas ka kai shi cikin rana. Ka sa yatsa a ƙarƙashin bututun ƙasa, dab da wuya, ka shafa. Idan ka ji ɗan tudu ko ƙunci, ko ka ga fentin saman wurin ya yi zane-zane, keken ya taɓa karo da gabansa, bututun ya riga ya yi rauni. Ka ƙwanƙwasa ƙafafun baya kusa da gidan feda, domin a nan ruwan damina yake kwanciya, tsatsa ta ci daga ciki alhali fenti yana ƙyalli a waje. Firam ɗin da ya faɗi wannan jarrabawa bai cancanci a ɗora masa sabon aiki ba. Bari in ɗan ratse: akwai lamba da ake bugawa a jikin firam, galibi a ƙarƙashin gidan feda ko kusa da sirdi. Kada ka goge ta, kada walda ta rufe ta, ka rubuta ta ka adana. Ita ce shaidarka ranar da aka yi sata, kuma keken da aka kankare masa lamba kada ka saya komai araharsa.

Yanzu mu zo ga aikin da ake yi a sanyi, wanda nake so ku fi ba wa muhimmanci. Ɗauki misalin saurayin da ya sami tsohon firam na ƙarfe, ya kuma sami wilin baya mai giya, sai wilin ya ƙi shiga saboda ya fi faɗi. Tazarar da ke tsakanin bakunan baya biyu a keken da ba giya takan kasance milimita 110 zuwa 120, a mai giya shida 126, a na baya-bayan nan 130 ko 135. Abin da aka saba shi ne mutum biyu su kama ƙafafun su ja da ƙarfi, ko a hura musu wuta. Ba a bukatar ko ɗaya. Ka cire tayoyi da sarƙa. Ka ɗauko zaren ɗinki mai ƙwari, ka ɗaura a bakin baya na dama, ka ja shi ya zagayo ta gaban wuya, ya dawo bakin baya na hagu, ka ɗaure tamau. Sai ka sa rula ka auna daga zare zuwa bututun sirdi, dama da hagu. Idan awon ya zo daidai, firam ɗinka a miƙe yake. Idan ya bambanta, ka gano dalilin da ya sa keken yake ja gefe ɗaya duk lokacin da ka saki hannu. Daga nan sai ka kwantar da firam a ƙasa, ka zura katako tu-bai-fo ta ƙarƙashin bakin bayan da ke sama, ya haye kan bututun sirdi, ɗaya ƙarshen ka ɗora a benci, ka danna a hankali a daidai inda ya haye. Ƙarfe zai buɗe ya koma, ya buɗe ya koma, sai can ka ji ya ɗan saki. Tsaya ka auna. Idan milimita 6 kake nema, 3 za ka ɗauka a wannan gefe, ka juya ka ɗauki 3 a wancan, sannan ka mayar da zare ka tabbatar. A ƙarshe ka kama kowane baki da sifana mai daidaitawa ka gyara su su fuskanci juna sosai, don kada aksul ya riƙa lanƙwashewa. A gida ban ba ka shawarar wuce milimita 10 ba. Aikin nan bai ci maka ko naira ɗaya ba, bai ƙona fenti ba, kuma da shi ƙwararru suke yi.

Haka batun sirdi. Yaro ya yi tsawo, sai a jona wa sandar sirdi guntun fayif da walda. Doguwar sanda za ka nema mai kauri daidai da ramin, kuma a bar aƙalla santimita 7 a cikin firam, in ba haka ba nauyi zai yage bakin bututun. Idan tsohuwar ta cije da tsatsa, ka ɗiga mata mai ka bar ta ta kwana biyu, ka riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan. Gaggawa a nan ce take sa a ɗauko wuta. Ku kuma riƙe wani abu da ya jawo asarar firam da yawa: fedar hagu haƙoranta a juye suke, haka murfin gidan feda na gefen sarƙa a yawancin kekunan da muke hawa. Tsofaffin Raleigh na Nottingham kuma suna da nasu haƙoran dabam, 26 a inci ɗaya, sauran kekuna 24. Mutum zai ga murfi ya fara shiga ya tsaya, sai ya sa ƙarfi, haƙora su cinye, daga nan a ce ba magani sai walda. An like gidan feda ke nan har abada, ranar da boris ya ƙare keken ya tashi aiki.

Sai batun dako, wanda na san shi ya kawo da yawa daga cikinku. Mu yi lissafi. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne da ɗoriya. Huɗu sun ba da kilo 100, ban da kai mahayin. Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Kawo ranar Talata ya ga kekuna da buhunan gawayi da kwandunan kaji, ya san ƙarfen yana iyawa. Amma ku tambayi masu gyaran da ke nan me ake fara kawo musu. Ba firam ba ne. Sufok ne ke tsinkewa, wili ya karkace, aksul ya lanƙwashe, birki ya ƙi kamawa. Raleigh na da suna sa sufok 32 a gaba, 40 a baya, saboda sun san inda nauyi yake sauka. Don haka kuɗin da za ka kai wa mai walda ya lafta wa firam rodi, ka fara kashe shi a kan sufok masu kauri da aksul nagari da taya mai kyau. Ita kuwa kariya, kada a like ta a jikin firam. A yi ta dabam, ƙafafunta su sauko har bakin aksul, a ƙara mata tokara ta karkace don ta ba da alwatika, a kama ta da noti da kilif, a sa guntun tsohon tif a tsakani don kada ta ci bututu. Nauyi ya zauna a saman aksul ko ɗan gabansa, a raba shi gefe biyu, ya yi ƙasa-ƙasa. Kariyar da aka miƙa can bayan taya tana ɗaga gaban keke, ranar da ka hau tudu sai ka ji kai ya yi sakayau a hannunka.

Akwai darasi a kan wannan daga nesa. A 1954, a yaƙin Dien Bien Phu, mayaƙan Vietnam sun yi jigilar shinkafa da kayan yaƙi ta cikin duwatsu a kan kekuna, da yawansu ƙirar Peugeot, kamfanin nan da ya kafa masana'antar motoci a Kakuri a 1975. Keke ɗaya yakan ɗauki wajen kilo 200. Yadda suka yi shi ne sun tokare firam da fok da itace da gora, sun ɗaura sanda a kai don tuƙi, wata sandar a wurin sirdi don riƙo. Abin lura a nan, ba sa hawa. Turawa suke yi suna tafiya a gefe. Sun san iyakar abin da birki da taya za su ɗauka, sai suka sauya yadda suke tafiya da keken. Mai jarka shida da yake son ya hau ya gangara ya yi tunani a kan wannan.

To akwai lokacin da wuta ta zama dole: bakin baya ya tsage, ko ana son a dasa ɗan kunne na ɗaura kariya, ko za a mayar da keke mai ƙafa uku. A nan shawarata ita ce ka raba aikin biyu. Kai ne mai zane da awo da shiri, wani ne mai wuta. Ka nemi mai waldar gas wanda ya saba da siririn ƙarfe, irin masu gyaran salansa da jikin mota, ka roƙi a yi da rodin tagulla. Kafin ka je, ka cire duk boris da giris da roba da ke kusa, ka kankare fenti da samfefa har farin ƙarfe ya fito, kamar yatsa huɗu kowane gefe. Idan bututu biyu za a jona, kada a kara baki da baki a like. A zura guntun bututu a ciki ya shiga kowane ɓangare sosai, shi zai ɗauki nauyin. Idan bututun a rufe yake ruf, a huda ɗan ƙaramin rami iska mai zafi ta sami mafita. A ɗiga kaɗan a wurare biyu ko uku, a tsaya a auna da zare, sannan a kammala, domin zafi yana jan ƙarfe gefe. Bayan an gama kuma, don Allah ku hana abin nan da aka saba, na kwara ruwa ya yi cuuu don a yi saurin sallamarka. Ƙarfen da aka kashe da ruwa, musamman mai tsadar nan, yakan yi tauri ya rasa jurewa. A ajiye shi ya huce da kansa, ko da za ka jira rabin awa.

Ina so iyaye su saurari wannan ɓangare. Yaranmu sukan wanke kayan keke da fetur, sannan a kunna wuta a wuri guda, kwanon fetur da tsumma suna gefe. Tururin fetur ba ya jiran harshen wuta ya taɓa kwano. Tukunyar kabaid da ake haɗawa a gida kada ta shigo tsakar gidan da yara suke, domin wuta tana iya komawa ta cikin tiyo ta fasa ta. Fayif ɗin ruwa mai farin shafe, wanda matasa ke so saboda araha, tutiya ce a jikinsa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Rodin tagulla ma yana da ita, don haka a fili ake yi inda iska ke kaɗawa. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. Baƙin tabarau na kwalliya kuma ba ya tare hasken waldar lantarki, wanda ya kwana idonsa yana zubar da hawaye ya san haka.

Akwai wuri guda da nake roƙonku ku bar shi gaba ɗaya, shi ne fok da wuya. Idan ƙafar baya ta tsage, keke zai yi ta rawa ya ba ka dama ka tsaya. Idan fok ya karye, babu sanarwa; tayar gaba ta tafi, fuska ce ke fara isa kwalta. Fok ɗin da ya koma baya bayan karo, kada a gasa shi a miƙe, kada a yi masa faci, a sake wani, kuɗinsa bai kai na ɗinkin leɓe da haƙora ba. Kuma in za a sake, a nemi mai tsawo ɗaya da na da, saboda ƙarin santimita 2 kawai yana sauya kwanciyar wuya da kusan digiri ɗaya, tuƙi ya canza. Masu ɗaura inji ko wilin lantarki, ku ma nan maganarku take. Birkin rodi a kan wilin ƙarfe, idan ruwa ya jiƙa shi, da ƙyar yake tsayar da mai taka feda, balle wanda inji ke tura shi a kan titin Ali Akilu. Wanda bai fara gyara birki ba, bai kai ga maganar inji ba.

Idan kuna neman malamai a wannan fanni, ba sai kun duba intanet ba. Ku dubi keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ba daga waje aka kawo mana shi a kwali ba. A Kano, waɗanda shan inna ya taɓa da kansu suka kafa ƙungiya suna yanka fayif suna ƙera shi. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma cutar ta kwantar da ƙafafunsa tun yana yaro, ya jagoranci cibiyar Beautiful Gate da aka kafa a 1999, suna ƙerawa suna rabawa kyauta. An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma kekunansu za su ci gaba da bukatar gyara. Ku tsaya ku kalli ɗaya da kyau, da izinin mai shi. Za ku ga abin da nake ta faɗa. Inda za a yi walda mai yawa, sun yi amfani da fayif mai kauri da zai jure ta. Wili da sarƙa da feda da boris kuwa na keke ne, an ɗaura su da noti, don duk mai gyaran keke a kowane ƙauye ya iya kwancewa ya sake. Mazaunin yana ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyin baya don kada ya kife. Wannan aikin injiniya ne cikakke, mutanen da muke wucewa a bakin danja ne suka yi shi, kuma ina jin takaicin yadda ba ma ba su girman da ya kamace su.

Mu a Kaduna ma Allah ya yi mana gata. Ga Panteka, inda ake ƙera komai daga murhu har injin niƙa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a garin nan take. Saurayin da ya ji hannunsa yana son wuta, ya je ya durƙusa gaban ubangida a Panteka ya koya, ya ɓata guntayen fayif ɗin banza har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa abin da ɗan wani zai hau. Ku kuma iyayen gidanmu masu walda, idan yaro ya kawo muku fok, ku ce masa a'a. Zai ji haushi ya tafi, amma ba za a zo muku da labarinsa ba.

Idan aiki ya kammala, saura gwaji, kuma ba a kan babban titi ake yinsa ba. Ka goge wurin waldar, ka wanke farar hodar da ta daskare a kai don tana jawo tsatsa, ka duba da kyau kafin ka shafa fenti, fentin kuma ya zama siriri mai haske yadda tsaga za ta nuna. Ka ɗiga ɗan baƙin mai a cikin bututan ka jujjuya. Ka sake ɗaura zare ka auna. Sai ka hau ba kaya a cikin layi, ka kama birki da ƙarfi, ka saurara. Gobe ka ɗora jarka ɗaya, jibi biyu. Duk mako na watan farko ka sa yatsa ka shafa bakin waldar, domin tsaga a gefenta take farawa, ba a tsakiyarta ba. In ka ga jan layi na tsatsa a wurin, ko ka fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da ka danna feda, ka sauka ka tura shi gida.

A nan zan dakata. Na ga masu gyara suna ta gyaɗa kai a wasu wurare, suna girgizawa a wasu, ina so a fara ba su dama kafin tambayoyin matasa. Zare da katako da rula suna nan, duk wanda ya zo da kekensa ya matso da shi gaba mu auna tare kafin a kira magariba.